Yadda ake sanin ranar kusufi tun kafin a haifi waɗanda za su gan shi

In ana hira aka tambayi mutane abin da ya fi ɗaure musu kai a kimiyya, amsoshin ba su cika wuce 'yan abubuwa kaɗan ba. Wani zai ce girman sararin samaniya, wani ya ce yadda jariri ke ginuwa daga ƙwayar halitta guda, wani kuma ya kawo zancen baƙin ramin nan da ko haske ba ya kuɓuce masa. Duk sun isa abin mamaki. Amma a ganina akwai wanda ya fi su, kuma ba a cika ambatonsa ba saboda mun saba da shi: mutum ya zauna da biro da takarda, ya yi lissafi, ya ce ranar kaza, ƙarfe kaza, a gari kaza, rana za ta duhunce na minti kaza. Shekaru su shuɗe, ranar ta zo, abin ya faru daidai yadda ya rubuta.

Ga guda nan, mai karatu, ka rubuta ka ajiye. Ranar Litinin, 2 ga Agustan 2027, jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na rana agogon Saudiyya, wata zai rufe rana ruf a birnin Makka na kimanin minti biyar. Kafin inuwar ta isa can za ta bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, inda a kusa da garin Luksor duhun zai kai minti 6 da sakan 23. An san da wannan ranar tun kafin a haifi ni da kai.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin irinsa. Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar wata ta shigo Afirka ta gaɓar tekun Gana, ta ratsa Togo da Benin, ta shiga Najeriya, ta bi ta Gusau da Katsina wajen ƙarfe goma da rabi, ta haye Maraɗi, ta miƙe cikin Sahara zuwa iyakar Cadi da Libiya, inda duhun ya kai minti 4 da sakan 7. Wanda yake cikin layin inuwar ya ga dare da rana tsaka, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika da masu sallar kusufi. Wanda yake nesa da layin, kamar mutanen Maiduguri ko Yola, gaɓa kawai ya ga an gutsure wa rana. Ka riƙe wannan rana ta 2006 a ranka, za mu dawo gare ta.

Me ya sa ba kowane wata ake yi ba?

Abin da ke faruwa a kusufin rana ba shi da wuyar fahimta. Wata ne ke shiga tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a kan duniya. Shi ya sa ba a taɓa yin kusufin rana sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓace ana jiran tsayuwar sabo. Husufin wata kuwa, wanda a gargajiyance ake cewa rana ta kama wata ko wata ya yi zazzaɓi, yara su fito suna kaɗa gwangwanaye, akasin haka ne: duniya ce ke shiga tsakani, inuwarta ta faɗa a kan wata. Shi kuma ba ya yiwuwa sai tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar.

To, in haka ne, ai kowane ƙarshen wata sai wata ya gifta ta wajen rana. Me ya hana a yi kusufi sau goma sha biyu a shekara?

Amsar tana cikin wata 'yar karkata. Ka ɗauki zobba biyu manya, ka sa ɗaya cikin ɗaya, sannan ka ɗan karkata na cikin. Za ka ga sun haɗu a wuri biyu kacal, sauran ko'ina ɗaya yana sama ko yana ƙasa da ɗan'uwansa. Haka hanyar da wata ke bi take da hanyar da muke ganin rana na bi a sama: akwai karkatar kimanin digiri 5 tsakaninsu. Digiri 5 kamar ba komai ba, amma faɗin wata a idonmu rabin digiri ne kawai, wato karkatar ta ninka shi sau goma. Saboda haka a mafi yawan watanni, wata yana wucewa ta saman rana ko ta ƙasanta, inuwarsa ta kuskure duniya ta tafi cikin sarari. Sai in ƙarshen wata ya zo daidai da lokacin da yake kusa da ɗaya daga mahaɗun nan biyu ake samun kusufi. Masana falaki na dā, har da na Larabawa, suna kiran mahaɗun kan maciji da wutsiyarsa. Irin wannan dama tana zuwa kusan duk bayan kwana 173, shi ya sa kowace shekara ba a rasa kusufin rana aƙalla biyu a wani wuri a duniya, ko da na gefe ne.

Akwai kuma wani abin da ni har yau in na tuna shi sai na yi shiru. Faɗin rana kusan kilomita miliyan 1.4 ne, na wata kuwa kilomita 3,474. Rana ta ninka wata sau 400 ke nan. Amma nisanta da mu, kilomita miliyan 150, shi ma ya ninka nisan wata kusan sau 400. Sakamakon haka, a idon wanda ke tsaye a doron ƙasa, girmansu kusan ɗaya ne, kamar murfi da bakin tukunyarsa. Kuma da yake hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, wani lokaci yana kusa da mu, wajen kilomita 363,000, wani lokaci yana nesa, wajen 405,000. In kusufi ya same shi yana kusa, sai ya rufe rana gaba ɗaya. In yana nesa, murfin ya yi wa tukunyar kaɗan, sai a ga zoben wuta ya kewaye shi.

Agogo uku da ke haɗuwa

Yanzu mun zo inda lissafin yake, kuma wallahi lissafin firamare ne. A ce akwai 'yan kasuwa biyu, ɗaya yana zuwa Kano duk bayan kwana 4, ɗayan duk bayan kwana 6. In sun haɗu yau, yaushe za su sake haɗuwa? Bayan kwana 12, domin 12 ce lamba ta farko da 4 da 6 duka ke shiga cikinta ba saura.

Wata yana da irin waɗannan zagaye guda uku. Daga ɓacewarsa zuwa wata ɓacewar, kwana 29.53 ne, wanda shi ne watan da muke ƙirgawa. Daga mahaɗa ya zagayo ya dawo wannan mahaɗar, kwana 27.21. Daga inda ya fi kusa da duniya ya sake dawowa nan, kwana 27.55. In aka yi kusufi yau, yaushe ukun nan za su sake haɗuwa yadda suke? Lambobin ba su da daɗin sha'ani kamar 4 da 6, amma duba abin da ke faruwa. Zagaye 223 na farkon suna ba da kwana 6,585 da kusan sulusin kwana. Zagaye 242 na biyun, kwana 6,585 da sulusi da ɗan ɗoriya. Zagaye 239 na ukun, kwana 6,585 da rabi. Ukun duk sun faɗa kwana guda, bambancinsu 'yan awanni ne cikin shekara 18. Wannan tsawon lokaci shi ake kira saros: shekara 18, da kwana 10 ko 11, da awa 8. Duk kusufin da aka yi, bayan saros ɗaya za a yi wani mai kama da shi sak, kamar ɗa da uba.

Mu gwada da namu. Ɗauki 29 ga Maris 2006, ka ƙara shekara 18 da kwana 10. Ka faɗa 8 ga Afrilun 2024. Ka tuna abin da ya faru ran nan? Shi ne babban kusufin da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, wanda hotunansa suka cika Facebook da tashoshin labarai. Wato kusufin da 'yan Amurka suka yi ta murna da shi, magajin wanda aka gani a Gusau ne. Dangi ɗaya ne, masana suna kiran danginsu saros na 139.

Amma me ya kai shi Amurka? Awa takwas ɗin nan ce. Da saros cikakkun kwanaki ne, da inuwar ta dawo kusan inda ta faɗa a baya. Sai dai akwai ragowar sulusin kwana, kuma cikin awa takwas duniya tana juya sulusin juyinta. Kafin wata da rana su daidaita, Afirka ta riga ta wuce, Amurka ce ke fuskantar rana. A 2006 tsakiyar kusufin ya zo da ƙarfe 10:11 agogon GMT, a 2024 kuwa da ƙarfe 18:17. Ka ga awa takwas ɗin ƙiri-ƙiri. Na gaba zai zo 20 ga Afrilun 2042, ya sake matsawa yamma da sulusin duniya, ya faɗa kan Indonesiya da Malesiya da Filifin. Sai a karo na uku, bayan shekara 54 da wata ɗaya, sulusi uku su cika juyi guda, ya komo ɓangarenmu: 30 ga Afrilun 2060 zai bi ta Afirka ta Yamma, ya ratsa Nijar da Libiya. In ka koma baya da shekara 54 daga 2006 kuma, za ka tarar da kakansa, kusufin 25 ga Fabrairun 1952 da ya duhunta birnin Khartum na Sudan.

Dangin nan na 139 yana da farko yana da ƙarshe, saboda agogunan uku ba su daidaita ɗari bisa ɗari ba, kowane zagaye ana ɗan zamewa. Ya fara a 1501, zai ƙare a 2763, bayan kusufi 71. A cikinsu akwai na 16 ga Yulin 2186, wanda duhunsa zai kai minti 7 da sakan 29, mafi tsawo cikin dubban shekaru.

Mutanen Babila, a ƙasar Iraki ta yau, su suka gano zagayen wata 223 ɗin nan sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ba su da na'urar hangen nesa, ba su san me ke riƙe da wata a sama ba. Abin da suke da shi haƙuri ne: kusan shekara 600 magatakardansu suna rubuta abin da suka gani a sama dare bayan dare a kan allunan yumɓu, uba ya mutu ɗa ya ci gaba. Daga tarin rubutun nan tsarin ya fito. Ya yi musu aiki sosai wajen husufin wata, tunda shi duk wanda wata ya fito masa yana ganinsa. Kusufin rana kuwa ya fi ƙarfin saros shi kaɗai. Zai gaya maka ranar, amma ba zai gaya maka garin ba, don cikakkiyar inuwar siririya ce, faɗinta bai cika wuce kilomita 270 ba, kuma gudunta a ƙasa ba ya gaza kilomita 1,700 a awa. Kusan duk wata 18 ana yin cikakken kusufi a wani wuri a duniya, amma gari guda, a matsakaicin lissafi, sai ya jira kimanin shekara 375 kafin inuwar ta sake bi ta kansa.

Sanin garin sai da aka fahimci dalilin tafiyar wata. A 1687 Isaac Newton ya wallafa ka'idar ƙarfin jan da ke tsakanin duniya da wata da rana. Abokinsa Edmond Halley ya yi amfani da wannan ilimi ya zana taswirar inda inuwa za ta bi a Ingila ranar 3 ga Mayun 1715, ya buga ta tun kafin ranar, wani ɓangare don kada jama'a su firgita su ɗauke ta alamar bala'i ga sabon sarkinsu. Inuwar ta iso Landan da saɓanin minti huɗu kacal daga abin da ya faɗa. Ba kwamfuta, ba kalkuleta. Yau saɓanin ya koma na sakan ɗaya ko biyu, kuma hukumar NASA tana da kundin da Fred Espenak da Jean Meeus suka haɗa, mai ɗauke da kowane kusufin rana na tsawon shekara 5,000, guda 11,898.

Nan ne wasu ke cewa, anya wannan ba shiga gaibu ba ne? Ai kalandar lokutan salla da ke rataye a masallacin unguwarku ta gaya maka ƙarfe nawa rana za ta faɗi ranar ƙarshen Disamba, kuma ba wanda ya ce duba ne. Aiki iri ɗaya ne, sai dai na kusufi ya fi yawan lambobi. Malaman falaki Musulmi sun daɗe suna yinsa. Ibn Yunus, a Alƙahira, ya auna kusufin shekarar 977 da na 978 da kyau, har masana na bayan ƙarnoni suka dogara da alƙalumansa. Kuma lissafin yana tafiya baya kamar yadda yake tafiya gaba. An ruwaito cewa an yi kusufin rana a Madina ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, har ya gyara wa masu danganta abin da rasuwar. Da aka mayar da lissafi baya, an sami kusufin da aka gani a Madina da safiyar 27 ga Janairun 632.

Inda lissafin ya saɓa

Wannan ɓangaren ya fi kowanne burge ni. Akwai allon yumɓu na Babila da ya bayyana cikakken kusufin da aka yi a birnin ranar 15 ga Afrilu, shekara 136 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucin ya ambaci duhu, ya ambaci taurarin da suka fito da rana. Babu shakka inuwar ta bi ta kan Babila. Amma da masana na zamani suka mayar da lissafi baya, suna ɗaukan cewa tsawon kwana bai taɓa canzawa ba, sai lissafin ya ba su ranar daidai, ya ajiye inuwar a wajen tsibiran Sifaniya, kusan digiri 50 yamma da Babila. Saɓanin awa uku da ɗan wani abu ke nan na juyin duniya.

Ko magatakardan ya yi ƙarya, ko lissafin ya ɓaci, ko kuwa akwai abin da aka ɗauka tabbas alhali ba haka yake ba. Na ukun ne. Duniya tana rage saurin juyinta. Jan da wata ke yi wa ruwan teku, wanda ke kawo cikowa da janyewar ruwa a gaɓa kullum, yana aiki kamar birki. Tsawon kwana yana ƙaruwa da kimanin kashi 1.8 cikin dubu na sakan ɗaya a duk shekara ɗari. Abin dariya ne ƙanƙantarsa, ko? To, amma tarawa yake. Kwanakin zamanin Babila sun gaza namu da kusan kashi 35 cikin dubu na sakan. Ɗauki rabin haka a matsayin matsakaici, ka ninka da kwanaki sama da 700,000 da suka shuɗe, za ka sami sakan kusan 12,000, wato awa uku da ɗoriya. Ga saɓanin nan ya fito. Richard Stephenson na Jami'ar Durham da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna tattara irin waɗannan rubuce-rubuce na Babila da Sin da Larabawa da Turai, kuma daga su ne aka fitar da tarihin juyin duniya na kusan shekara 2,700.

Birkin nan yana da wani sakamako. Abin da duniya ta rasa na juyi, wata ne ke karɓa, sai ya riƙa ja da baya. An auna wannan kai tsaye: 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye madubai a kan wata a 1969, ana harba musu hasken leza daga ƙasa a auna lokacin da zai dawo. Wata yana nisantarmu da santimita 3.8 a shekara, kusan saurin tsiron farcenka. Nan da ɗaruruwan miliyoyin shekaru zai yi nisan da ba zai iya rufe rana ba ko yana inda ya fi kusa, daga nan sai kusufin zobe kawai.

Kafin nan dai muna da namu a gaba. A kusufin 2027, mu da ke Najeriya da Nijar na gefe za mu gani, masu umara da mazauna Makka da Jidda su za su sha kallo. Namu cikakke yana zuwa ranar Litinin, 20 ga Maris 2034, inda inuwar za ta shigo ta Legas, ta ratsa ƙasar zuwa arewacin Kamaru, Cadi, Sudan, Masar da Saudiyya.

Don Allah, a kula da ido. Muddin akwai ko ɗan siririn gefen rana a waje, kallonta kai tsaye yana ƙona bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi, sai bayan awanni mutum ya lura da baƙin tabo a tsakiyar ganinsa, wani lokaci na har abada. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila, haka tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, haka kallon rana a cikin ruwan kwano ko bokiti da aka saba yi a gidaje. Abin da ke karewa shi ne tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. In babu su, ka huda ƙaramin rami a kwali, ka juya wa rana baya, ka bar hasken ya ratsa ramin ya faɗa kan farar takarda ko bango, za ka ga hoton rana yadda aka gutsure ta. Rariyar tatar koko mai manyan huji ma tana yi, kowane huji da nasa hoton. Ko kuma ka tsaya gindin darbejiya ka dubi ƙasa: 'yan hasken da ke ratsowa tsakanin ganye duk za su koma kamar jinjirin wata. Husufin wata kuwa ba ya buƙatar komai, da ido kawai ake kallonsa.